Sakan Tara na Yaya Kamilu

Wannan kashi na shida ne. Kafin in fara, bari in amsa wa baiwar Allahn da ta rubuto mini cewa budurwa mai shekara ashirin da huɗu da ke zaune tana fasa kayan wasan yara rubutu take buƙata a ba ta ta sha. Na gode, 'yar'uwa. An ba ni, na sha, ban daina ba.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: sunana Safinatu, a Bodinga nake. Na gama kwalejin horar da malamai shekara biyu da suka wuce, takardar tana ƙarƙashin akwati tana hutawa. Ina da saurayi, Badaru, mai gyaran waya a Shagari. Yau bayan la'asar iyayensa maza za su zo wajen Baba a sa rana. Ba wanda ya tilasta mini shi, ni na kawo shi da hannuna. Yanzu hantsi ne, na share tsakar gida sau biyu, na wanke kofunan da aka riga aka wanke, na zauna na tashi. A tsaye nake rubuta muku wannan, domin abin da ya faru jiya ya hana ni zama.

Dole in koma baya kaɗan.

Yayana Kamilu yana da shagon gem a bakin tasha, inda yara ke biya su buga wasa a talabijin. Benci biyu, talabijin uku, fanka ɗaya mai kukan tsohuwa. Shekara biyu ke nan da mota ta buge shi a kan babur, a hanyar Sakkwato. Wayarsa ta niƙe a wajen. Tawa wayar, wadda saƙonninsa na murya suke ciki, an ɗauke ta a kan tabarma ranar sadakar uku, a cikin masu zuwa yi mana ta'aziyya. Allah ya amfana wa wadda ta ɗauka.

Yaya Kamilu ɗan fari ne. Ku na birni ƙila ba ku san abin da wannan ke nufi a gida irin namu ba. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko sau ɗaya. Tana yaye shi aka kai shi Shagari wajen Gwaggo Saratu, ƙanwar Baba, bai dawo ba sai da ya shekara goma sha biyu. Kafin ya buɗe shago “wancan” take ce masa, da ya buɗe ya samu ƙarin girma, ya koma “mai shago”. Ba ta haɗa ido da shi, ba ta miƙa masa abinci hannu da hannu. Ranar da aka shigo da gawarsa mata suna ta kuka, Inna ta tashi ta ɗora wa baƙi ruwan zafi. Har yau ana yaba mata. Tun daga ranar sunansa ya bar gidanmu gaba ɗaya. Babu wanda ya kafa doka, amma wa zai buɗe baki ya ambaci abin da uwar da ta haifa take zagayewa? Ni ma na koya. Badaru ya san ina da wa da ya rasu, iyakar abin da ya sani ke nan.

Da aka kwashe kayan shago, kwali guda ya rage wanda babu mai so. A ciki akwai tsohon hannun gem ruwan toka, irin na da, wanda maɓallansa suka side saboda yawan danni, har wurin babban yatsan Yaya ya yi ɗan rami. Akwai wani ɗan inji mai faɗin tafin hannun jariri, da memori a jikinsa. Akwai kuma littafin rubutu na 'yan firamare, inda ya zana abin da yake son haɗawa: ya raba hannun gem gida biyu, ya sa sikirin a tsakiya, ya sa batir a baya, ya zama gem ɗin da za a sa a aljihu. A ƙasan zanen ya rubuta, “In an samu lokaci.”

Ranar da na fara jona ɗan injin da talabijin ɗin ɗakinmu, Inna ta tafi barka. Sikirin ya yi baƙi, ya yi haske, sai na ji:

“Salamu alaikum, shagon Kamilu ne. Wanda anka ci ya ba wani, ban da kuka, ban da zagin uwa!”

Sai dariyarsa, sai ɗan tari, shi ke nan. Ashe ya naɗi muryarsa ya sa ta zama abin da ke fara fitowa in an kunna. Sakan tara ne, na auna. A duk duniya ban san wani wuri da muryar Yaya Kamilu ta rage ba sai a cikin wannan memorin, wanda bai kai farcen ɗan yatsana ba. Shekara ɗaya da rabi ina kunnawa in na ga tsakar gida ba kowa, in rage ƙara, in kashe, in sake kunnawa.

Da maganar aure ta taso sai na ga talabijin ɗin na gida ne, ba zai bi ni ba. Na buɗe littafin zanen, na ce to Yaya, ni ina da lokaci, har ya yi mini yawa.

Wata uku na yi ina aikin. Na yanka hannun gem ɗin da zarton ƙarfe, kamar mai yanka ɗan akuyar da ta rena. Na goge baƙaƙen robobin ƙarƙashin maɓallan da auduga da sifirit. Sikirin na samo wajen 'yan gwangwan, irin wanda ake liƙa wa mota don a ga baya in za a yi ribas. Batir na ciro daga fawa bank ɗin da bakinsa ya karye, lasifika daga rediyon Baba da ta mutu tun ina sakandare. Gangar jikin kuwa bututun ruwa na roba na tsaga, na gasa a kan garwashi, na danne da turmi har ya miƙe. In babu wuta, ƙusa nake sawa a garwashi in narka dalma da ita. Yatsuna uku suna da shaida.

Badaru ya koya mini riƙe dalma, ta bidiyo, domin ba zan je in zauna a shagonsa ba. “Injiniya” yake ce mini. Kullum da safe saƙonsa na farko, “Injiniyata ta tashi? Yau mi za a ƙona?” da hoton wuta guda uku. Ku da kuke tambaya abin da na gani a jikinsa, ga shi nan: shi kaɗai ne namijin da na nuna wa waya ja da baƙa bai yi mini dariya ba.

Shekaranjiya na ɗaure sukurun ƙarshe. Abin ya yi kyau, ba don ni na yi ba. Na yi bisimilla na danna. Ɗan jan haske ya kama a ciki, amma sikirin baƙi ƙirin, lasifika shiru. Na kwance, na bi kowace waya, na sake ɗaurewa. Shiru. Sau bakwai.

Na tura wa Badaru, “Ya ƙi tashi.”

“Kawo shi asibiti gobe. Likita na nan.”

Dama Gwaggo Saratu ta matsa in je a yi mini lalle a gwada mini ɗinki, saboda haka ban sha wahalar neman izini ba. Jiya da safe na sa doguwar riga ruwan goro da farin hijabi, na naɗe gem ɗin a ɗankwali, na shiga motar Shagari. Mu bakwai a ƙaramar mota, da buhun albasa biyu a but, rana tun ƙarfe tara ta fara faɗa da mutane.

Shagon Badaru ƙarami ne, cike da mutane, kowa da wayarsa a hannu da fuskar mai jinya. Yana sanye da shuɗiyar shadda da na taɓa cewa tana yi masa kyau, tun daga ranar ya hana ta hutawa. Ya karɓi gem ɗin ya juya shi gaba da baya.

“Kai! Ke kika yi wanga da hannunki?”

“A'a, aljanu na ɗauka haya.”

“Wallahi in munka yi aure rufe shago zan yi, in zauna gida in riƙa dafa miki tuwo.”

“Ka duba wayoyin sikirin ɗin, ina jin can ne. Amma ka bar memorin yadda yake.”

“To.”

“Badaru, na ce ka bar memorin.”

“An gama, ranki ya daɗe.”

Ya faɗa yana karɓar wayar wani dattijo. Na san wannan “to” ɗin, irin wadda tela ke yi wa mai ɗinki ana saura kwana biyu Salla. Na tsaya, bakina ya buɗe zan ce muryar yayana ce a ciki. Mutum takwas a shagon, duk maza, duk sun juyo suna kallon yarinyar da Badaru zai aura. Sunan ya zo mini har maƙogwaro ya koma. Na ja hijabina na fita.

Na san abin da za ku rubuto: me ya sa ba ki kwafe shi a wani wuri ba? Ba ni da kwamfuta. Kuma kwafewa tana nufin in miƙa wa wani in ce ga abin da ke ciki. Ku ci gaba da zagina, na riga ku.

Gidan Gwaggo kuwa kamar yau ne bikin. Ta baje atamfofi uku a kan gado, ta kira mai lalle, ta zaunar da ni a kan tabarma ta miƙe mini hannuwa.

“Ke ɗiyar ga, mi yas samu yatsunki? Sai ka ce mai tuyar ƙosai. A cika mata baƙi nan, a ruhe tabon, kada dangin miji su ce makauniya munka ba su.”

“Gwaggo, maza ne za su zo, ba ganina za su yi ba.”

“Maza na da mata, mata na da idanu. Miƙe hannu.”

Gwaggo ce kaɗai take kiran sunan Yaya, amma duk lokacin da ta kira sai ta yi kukan da maƙwabta za su leƙo. Shi ya sa ita ma ban taɓa gaya mata ba.

An gama zana mini hannu biyu har gwiwa, ina zaune kamar gunki, sai wayata ta yi ƙara a kan cinyata. Na dangwala ta da gwiwar hannu. Hoto ne: gem ɗina a kunne, sikirin fes, launuka suna rawa. Sai saƙo ya biyo:

“Ya tashi!!! Aikinki lafiya lau Injiniya, ba waya ko ɗaya da kika kuskure. Memorin ne bai san sabon sikirin ba. Na yi mishi filashin, na wanke shi tas, na zuba miki sabbin gem sun fi dubu. Kyautata ta sa rana ke nan.” Da jar zuciya guda biyar.

Na karanta sau biyu. Ban san lokacin da na tashi ba. Na ji Gwaggo tana cewa, “Lallen bai bushe ba, ke mahaukaciya!” Na zura hijabi da ɗanyen lalle, farin hijabi, na fita da takalmin da ba nawa ba.

Yana ganina ya taso yana washe baki, ya ɗaga gem ɗin sama kamar kofin ƙwallo.

“Danna nan ki gani.”

Na danna. Wani kiɗa ya tashi, mai daɗi, na Turawa ko na 'yan Sin, ban sani ba.

“Ina abin da ke ciki?”

“Tsofaffin? Ai duk akwai irinsu cikin sabbin, har da...”

“Ka kwafe kafin ka goge?”

Ya sosa ƙeya. “Kwamfutar cike take da finafinan masu turi, waɗanda ke sa wa mutane fim a waya, ba wuri. Safina, tarkace ne fa, ba hoto ba lamba. Na leƙa.”

“Na ce ka bar shi.”

“Kowa haka shika cewa. Kowa yaz zo nan sai ya ce kada a taɓa mishi memori, in an buɗe waƙoƙi ne da hoton abinci. Mu a aikinmu in abu ya ƙi tashi, filashin aka fara yi. Ba ga shi ya tashi ba?”

A nan ne na faɗa. A gaban mutum biyar da wani mai sayar da rake da ya leƙo. Na ce muryar Kamilu ce a ciki, yayana, ita kaɗai ta rage. Rabona da furta sunan da ƙarfi shekara biyu, ya fito mini wani iri, kamar na ari bakin wani.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta mutu a tsaye ba sai jiya. Ya sallami kowa, ya ja ƙofar shago rabi. Ya goge finafinan masu turin da yake tattali, babu ko waiwaye, ya zura memorin, ya sa manhajar da ke tono abin da aka goge. Awa biyu muna kallon wani koren layi yana tafiyar hawainiya. Zufa tana ɗiga daga gemunsa a kan shaddar. Ni ina tsaye, na ƙi kujera. Abin da ya fito: gutsattsarin hotunan gem, da wasu fayiloli da ba sa buɗuwa. Ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya duk da haka. Sabbin gem dubun nan sun kwanta a kan komai.

Yana cikin bincike ya gano abin da ya hana shi tashi tun farko. Layi ɗaya ne a cikin wani fayil, da za a canza a gaya wa injin ya bar neman talabijin ya kama ƙaramin sikirin. Aikin minti biyu. Shi da kansa ya gaya mini, bai ɓoye ba. Ban sani ba ko in gode masa.

“Don mi ba ki hwaɗa mini ba?” Muryarsa a dishe. “Kalma guda, Safina. Da na yanke hannuna kahin in taɓa.”

“Na faɗa maka ka bari.”

“Ba ki ce don mi ba.”

“Sai na ce don me kafin maganata ta zama magana?”

Duk mu biyun mun faɗi gaskiya, kuma ba ta amfani kowa ba. Ya ce in ina so zai roƙi mahaifinsa a ɗaga zuwan. Na ce ban sani ba. Na naɗe gem ɗin a ɗankwali na nufi tasha. Daga Shagari zuwa Bodinga saƙo goma sha ɗaya ya turo, ban buɗe ko ɗaya ba. A raina na gama yanke hukunci: ina isa zan ce wa Inna a gaya wa Baba na fasa. Mutumin da ya ce “to” bai ji ba tun ana waje, me zai ji in an shiga daga ciki?

Na shiga gida rana ta yi sanyi. Baba yana masallaci. Inna tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsince shinkafar baƙi a faifai. Ta dubi hijabina da lalle ya yi wa taswira, ta dubi takalmin Gwaggo a ƙafata. Na durƙusa na gaishe ta, ina shirya maganata.

“Safinatu.”

“Na'am, Inna.”

“Abin ga da kika ɗauka ɗazu a ɗankwali. An gyara?”

Ban taɓa tsammanin ta san akwai wani abu ba.

Ba ta ɗago ba, tana ta tsintar tsakuwa. “Wata ukku ke nan ban ji ba. Da, in kin kunna, nikan tsaya bayan ɗaki wajen randa. Kina rage ƙara, amma tagar ba ta ruhuwa duka.” Ta jefar da wata tsakuwa. “Gobe in anka sa rana, ke ma tahiya za ki yi. Ba na ce ki bar mini ba, naki ne. Ki dai kunna mini sau guda nan kusa, in ji shi da kyau. Ban taɓa jin ƙarshen da kyau ba, wajen da yaka dariya.”

Ta ajiye faifan. Ta goge hannuwanta a zani, sau biyu, kamar za ta karɓi jariri, ta miƙo su.

Jama'a, da na ce batir ya mutu. Da na ce an bar shi a Shagari. Ƙarya goma ta zo mini, ko ɗaya ban iya ɗauka ba. Na kwance ɗankwalin na sa mata a hannu. Babban yatsanta ya faɗa a ramin nan da nasa ya yi, ba ta sani ba. Ta ce, “Ina aka dannawa?” Na nuna mata. Ta danna da kanta.

Kiɗan ya tashi. Ta kara abin a kunne, ta saurara har ya ƙare, tana jira. Launuka suna ta rawa a gefen kumatunta. Ta ƙara jira.

“Ba shi ba ne.”

“Eh, Inna.”

“Yana gaba?”

“Babu shi, Inna. Ya goge.”

Ta sauke shi a hankali ta ɗora a cinya. A cikin jakata waya tana ta ruri, na san mai kira, ita ma ta san inda na kai gyara. A karo na farko a rayuwata Inna ta dube ni tsakiyar ido ta daɗe.

“Wa yat taɓa shi?”

Kalma ɗaya ce, sunan Badaru. Da na faɗa, da yau babu mai shimfiɗa tabarma a zauren Baba, kuma abin da na shigo gida in yi ke nan. Na buɗe baki.

“Ni ce, Inna. Garin haɗawa na kuskure.”

Ta gyaɗa kai. Ta miƙo mini gem ɗin, ta ɗauki faifanta. Ta daɗe tana kallon shinkafar ba ta tsinci komai ba, sannan ta ce in cire hijabin in jiƙa shi tun lallen bai kama ba.

Tun jiya ba ta sake yi mini magana ba sai ta aiki: ɗauko, kai, zuba. Ba ta yi fushi ba, da ta yi da na samu sauƙi. Badaru bai san abin da na faɗa ba, saƙonninsa sun kai talatin, na ƙarshe yana cewa, “Iyayena su zo ko in hana su? Kalma guda.” Ban amsa ba. Ban san ko son sa ne ya sa na rufa masa asiri ba, ko kuwa na ga laifin nawa ne tun asali, ko tsoron a ce na kawo miji na kore shi. Abin da na sani, na saya masa mutunci a wajen uwata da nawa, kuma ban tabbata zan iya kallon sa kullum da safe ban tuna ba.

An fara kiran azahar. Inna ta leƙo yanzu ta ce Baba yana tambaya tabarma nawa za a shimfiɗa a zaure. Wayar tana hannuna, na rubuta wa Badaru kalmar da ya nema, yatsana yana kan wurin turawa.